Saƙon Mama Zuwa Gidan Mai Lissafi

Tun da na dawo daga London ban huta ba. In na shiga kasuwa a tare ni, in na fito daga coci a tare ni, 'yan bencinmu na gindin mangwaron tasha kuwa sun mai da ni rediyo. Wannan ya tambayi sanyi, wancan ya tambayi abinci, wani ya ce wai da gaske ne jirgin ƙasa yana bi ta ƙarƙashin kogi. Na amsa har bakina ya gaji. Kuma na lura labarin ya fara yin ƙiba a bakin wasu, don shekaranjiya na ji wani yana rantsuwa wai an kai ni fada an ba ni kujera. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin yadda ya faru, wanda ya ƙara gishiri daga baya shi ya sani.

'Yata Rifkatu ce ta aiko da tikiti. Aikin kwamfuta take yi a can, ta ce tunda na ajiye aikin reluwe ba ni da sauran uzuri, in zo in ga inda take kwana. Amma kafin in bar Kafanchan tafiyar ta fita daga hannun Rifkatu ta koma hannun mahaifiyata, wadda duk gidan muke kira Mama. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya rage, sai dai hankalinta garau, kuma in ta kafe a kan magana gara ka haƙura tun da wuri.

Ga asalin abin. Mahaifinmu, marigayi Kofur Bitrus, yana cikin sojojin da aka kwasa daga ƙasar nan zuwa yaƙin Boma. Daga Legas aka zuba su a jirgin ruwa. Duk labarin dajin Boma bai cika ba mu shi ba, amma na teku kam mun haddace. Ya ce wata rana da hantsi suna zaune a saman jirgi sai suka ji ya karkata har kwanonin abinci suka zube, ya bar hanyarsa ya yi wani dogon zagaye. Sai da suka sauka suka ji ƙishin-ƙishin cewa jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa suna kwance a hanyar da suka bari. Baba ya tambayi kowa yadda kyaftin ya sani, ba wanda ya amsa masa. Har ya koma ga Ubangiji yana cewa, “Akwai wanda ya gaya wa kyaftin. Ko wane ne, ban gode masa ba.”

To ana saura 'yan makonni in tafi, Rifkatu ta kira a waya, Mama ta sake ba ta wannan labari kamar yadda ta saba. Sai Rifkatu ta ce, “Kaka, ai akwai wani Bature masanin lissafi da ya gano yadda ake karanta saƙonnin asirin jiragen Jamus a lokacin yaƙin. Da aikinsa aka riƙa kautar da jiragen ruwa daga hanyarsu. Shi ne ma kakan sana'ar da nake yi.”

Nan take Mama ta ce, “Shi ne.”

Rifkatu ta yi ta cewa ba ta da tabbas ko har da jirgin kakanta, kuma mutumin ya daɗe da rasuwa. Mama ta riga ta miƙo mini wayar. Ta gwada sunansa sau biyu ya ƙi zama a bakinta, sai ta raɗa masa Mai Lissafi. Haka muke kiransa a gida, haka zan kira shi a nan.

Ta ce, “Ayuba, ubanka ya tafi da godiyar mutum a bakinsa. Kai za ka kai ta. Ka je har gidansu, ka sami 'ya'yansa ko manyansa, ka durƙusa ka faɗa musu. In ka dawo zan tambaye ka wa ya karɓa.”

Na yi dariya, na ga ni kaɗai nake yi. Ta sa a kamo babban zakaran gidan. Da ƙyar na fahimtar da ita cewa ba a hawa jirgin sama da zakara, ta ce wannan wane irin jirgi ne. A ƙarshe muka daidaita a kan acca mudu biyu da ta sa aka surfa aka tsince, da kwalbar zuma daga ƙauyenmu. Wanda ya san Mama ya san ba a yi mata ƙarya, tana jin ta a muryar mutum tun kafin ya rufe baki. Da wannan nauyi na kama hanya.

Hanyar Abuja ba sai na ba ku labari ba, kun san ramukanta ɗaya bayan ɗaya. A jirgin sama aka zaunar da ni tsakanin wata mai sayar da atamfa da wani saurayi da ya toshe kunnuwansa tun kafin a tashi. Aka kawo abinci a wani ɗan faranti kamar na wasan yara, na cinye ina jiran na gaske, ashe shi ke nan. Mai atamfa ta ga halin da nake ciki ta ciro cincin daga jakarta muka raba.

A filin jirgin London wata jami'a ta duba fasfo ɗina ta tambaye ni abin da ya kawo ni. Rifkatu ta ja mini kunne tun a waya cewa in ce wajen 'yata na zo, kada in ƙara ko kalma, don haka na haɗiye maganar Mai Lissafi. Na wuce lafiya, ina murna, sai ga wani ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban akwatina kamar mun yi alkawari. Aka buɗe. Kilishin da na yi wa Rifkatu tsaraba, wanda na sa aka yi musamman, shi aka fara ɗagawa. Wani jami'i ya yi mini bayani cikin ladabi cewa nama ba ya shiga ƙasar, ya jefa shi a wata babbar jaka yana ba ni haƙuri. Ban taɓa ganin an ƙwace wa mutum kaya da fara'a irin wannan ba. Sai ya kai hannu kan accar Mama. Ya murza ta a yatsa, ya kira abokin aikinsa, suka duba, na ce musu hatsi ne, uwata ce ta ba ni. Suka mayar suka rufe, zumar ma suka bar mini. Kilishin ya yi mini ciwo, amma na fita ina gode wa Allah.

Rifkatu tana zaune a unguwar Catford, a wani flat a hawa na biyu. Ɗakin da ta ba ni in na miƙe ƙafa sai in taɓa bango, amma ɗumi kamar an rungume ka. Abin da ya fi ba ni wuya a makon farko shi ne riƙe gaisuwa a baki. Na shiga bas na ce wa jama'a barkanku da safiya da Turancina mai kyau, kowa ya sunkuyar da kai kamar na zo roƙo. Rifkatu ta ja mini riga ta ce, “Baba please, a nan ba a gaida mutane a bus.” Maƙwabcinta na sama shekara da shekaru suna gida ɗaya, ba ta san sunansa ba. Ni kuwa kullum sai na gaishe shi a matakala, har ranar da ya gaji ya amsa, ya ƙara da cewa ana ruwa. Shara ma sai an raba ta gida-gida, ta kwalba daban ta takarda daban, in ka haɗa council, wato hukumar unguwa, ta san da kai. Ta kai ni na ci kifinsu da soyayyen dankali da suke ji da shi. Kifin ba laifi, amma ko barkono bai gifta ta kusa da shi ba, daga ranar na riƙa yawo da ƙullin yaji a aljihu.

Jiragen ƙasansu kuwa, a matsayina na wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a reluwe, sai da na ji ƙwalla. Wannan ya tafi, kafin ka gyara tsayuwa wani ya iso. Ranar nan aka sanar cewa jirgi zai ɗan makara, na ga mutane suna tsaki suna duba agogo. Na tuna fasinjojinmu da ke zuwa tasha da tabarma da tukunya, na yi dariya ni kaɗai har wata tsohuwa ta matsa gefe.

Ana cikin haka accar Mama tana zaune a kan firij tana kallona. Rifkatu tana fita aiki da sassafe, ni kuma ban san ta inda zan fara ba. A shagon da take sayen doya da manja na haɗu da mai shagon, Alhaji Mumuni, mutumin zangon Kumasi, dattijo mai faɗin kafaɗa da son hira. Da ya ji Hausa a bakina sai ya jawo mini kujera ya sa aka kawo shayi. Hausarsu ta Gana ba ruwanta da mace ko namiji, kowa shi ne. Na ba shi labarin saƙon ina tsammanin zai yi dariya. Bai yi ba.

Ya ce, “Baban Rifkatu, uwanka ya aike ka godiya, kana nan kana shan tea? Kuma kai ɗaya za ka tafi? A zongo namu ba a zuwa godiya mutum ɗaya, sai da ɗan rakiya. In ba haka ba wa zai yi shaida?”

Gaskiyarsa, mu ma haka ne a gida. Washegari ya bar wa matarsa shago, ya ɗauro babbar riga ruwan toka, ni ma na zuba tawa fara a kan rigunan sanyi har biyu. Rifkatu ta nemo mana gidan da aka haifi Mai Lissafi a yammacin London ta sa mana hanya a waya. Muka shiga tube, jirginsu mai bi ta ƙarƙashin ƙasa, dattawa biyu da manyan riguna da jakar acca, muka wuce tasharmu sau ɗaya saboda hira ta yi daɗi, muka dawo.

Gidan babba ne fari, a wata unguwa mai itatuwa, da wani shuɗin allo manne a bango ɗauke da sunansa. Na ji daɗi da na ga sunan, na ce wa Alhaji mun iso. Muka gyara riguna, Alhaji ya yi sallama da ƙarfi a bakin ƙofa, ƙofar ta buɗe da kanta. Wata yarinya a bayan tebur ta yi mana murmushi ta tambaye mu ko mun yi booking. Ashe gidan otal ne yanzu. Na yi mata bayani tun daga Legas har karkatar jirgi, tana ta gyaɗa kai idonta yana ƙara girma, daga ƙarshe ta kira manaja. Shi ma mutumin kirki ne. Ya ce haihuwarsa kawai aka yi a nan, danginsa ba su da alaƙa da ginin, masu zuwa dai sukan tsaya a waje su ɗauki hoto. Ya ba mu shayi kyauta. Da muka fito Alhaji ya kaɗa kai ya ce, “Ka ga Turawa. Gida da aka binne cibiyanka, a sa gado a ba baƙo haya.” Muka ɗauki hoton mu ma, muka koma da accarmu.

Da Rifkatu ta ji, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ga fuskata ta daina. Ta ce, “Baba, na yi booking ɗin train ranar Saturday. Zan kai ku inda ya yi aikin, ba nisa daga London. An mai da wurin museum, akwai waɗanda suka san tarihinsa sosai.”

Wurin, wanda yanzu gidan tarihi ne, wani tsohon gidan attajiri ne da tafki a gaba, kewaye da dogayen ɗakunan katako masu kama da barikin ma'aikatan reluwe. Wanda ya zaga da mu wani tsohon Bature ne siriri, malamin makaranta da ya yi ritaya, yana wannan aiki don sha'awa. Ya nuna mana na'urar da Jamusawa suke ɓoye saƙonninsu da ita, ga ta kamar tafireta a cikin akwatin katako. Ka danna harafi wani daban ya fito, kuma kowace rana sukan sauya saitinta, kamar kwaɗon da makullinsa ke canzawa kullum. Ya ce ko mutane nawa ka tara su gwada da hannu, rana za ta faɗi ba su gama ba, gobe kuma a koma farko. Mai Lissafi, yana matashi a lokacin, shi ya zauna ya tsara wata na'ura mai girman kabad cike da gangunan ƙarfe masu juyawa, wadda ke watsar da saitin da ba zai yiwu ba har a rage kaɗan da mutum zai iya dubawa. Ya ce ba shi kaɗai ba ne, wasu masana na ƙasar Poland sun share hanya, kuma dubban mutane sun yi aiki a nan, yawancinsu mata. Amma saƙonnin jiragen ruwa, waɗanda suka fi kowanne tauri, shi ya fara ɗaukar su a kansa lokacin da wasu ke ganin ba za su buɗu ba.

Ya ce tun kafin yaƙin ma, yana ɗan saurayi, ya rubuta cewa za a iya yin na'ura ɗaya da za ta yi kowane irin lissafi muddin an ba ta umarni dalla-dalla, alhali ba a ƙera ko ɗaya ba a duniya. Bayan yaƙi ya zana irinta, har ya fara tambayar ko wata rana na'ura za ta yi tunani. Rifkatu ta ɗaga wayarta ta ce, “Baba, wannan jikarsa ce.” Na kalli yarinyar nan yadda idonta ke walƙiya, na ji daɗin kuɗin makarantar da na sha wuya a kansu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne rufin bakin. An rantsar da duk ma'aikatan wurin, suka yi shiru shekaru da yawa bayan yaƙi, miji bai gaya wa mata ba, uwa ba ta gaya wa ɗa ba. Na ce wa Alhaji da a garinmu ne, kafin la'asar mai ƙosai ta san saitin ranar. Ya ce a zongo kafin azahar.

Na tambayi tsohon maganar jirgin Baba. Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, ba zai iya cewa jirgin nan kaza ne aka ceta ba. Amma abin da aka karanto a ɗakunan nan an yi ta amfani da shi ana sauya wa jiragen ruwa hanya, kuma kyaftin ɗin da kansa ba a gaya masa daga ina labarin ya fito. Wannan ya ishe ni. Sai na tambaye shi inda zan sami 'ya'yan mutumin.

Ya ce bai yi aure ba, bai haihu ba. Akwai 'ya'yan ɗan'uwansa, amma a ƙasar nan ba a ba baƙo adireshin mutane. Na ce to kabarinsa fa, in je in tsaya a kai. Ya ce babu kabari, ƙona gawar aka yi aka watsa tokar. Alhaji ya yi salati a hankali.

Sannan tsohon ya ba mu ƙarshen labarin, wanda Rifkatu ba ta faɗa wa kakarta ba. Bayan yaƙi da 'yan shekaru aka kai Mai Lissafi kotu saboda mu'amalarsa da wani namiji, abin da dokarsu ta hana a lokacin. Aka ba shi zaɓi, kurkuku ko wasu allurai masu sauya jikin mutum, ya zaɓi allurai. Aka rufe masa ƙofar aikin asirin gwamnati. Ba a daɗe ba aka same shi a ɗakinsa ya mutu da guba, yana da shekara arba'in da ɗaya. Hukuma ta ce shi ya sha da kansa, mahaifiyarsa ta tsaya a kan cewa kuskure ne. Mutane kaɗan ne suka raka shi, kuma jama'ar ƙasar ba su san abin da ya yi musu ba, don bakin kowa a rufe yake. Sai bayan shekaru masu yawa gwamnati ta fito ta nemi gafara.

Ni dattijon coci ne, kun san abin da aka koya mana da abin da muke koyarwa a kan irin wannan. Muka shiga ɗan ofishin Mai Lissafi, ga tebur, ga tafireta, ga kofin shayinsa ɗaure da sarƙa a jikin bututun ɗumama ɗaki don kada a ɗauke masa, kamar yadda muke yi wa moɗa a randar tasha. Na tsaya riƙe da jakar acca ban san abin yi ba. Alhaji ya matso kusa da kunnena ya ce, “Hisabi na Allah ne, Baban Rifkatu. Kai saƙo aka ba ka.”

Na cire hula. Gwiwoyina ba su da kirki yanzu, amma na dafa kafaɗar Rifkatu na durƙusa. Na ce da Hausa, da ƙarfi yadda ake yi a zaure, “Ni ne Ayuba ɗan Kofur Bitrus. Uwata ta aiko ni. Ubana ya ce a gode maka. Ya sauka lafiya, ya dawo gida, ya yi aure, ya haife mu, ga jikarsa nan tana cin abinci da sana'arka. Mun gode, mun gode.” Alhaji ya ce ya shaida. Wasu baƙi da ke bayanmu suka sauke wayoyinsu, Rifkatu kuma ta juya tana share ido.

Na miƙa wa tsohon zumar, ya ƙi karɓa da farko, ya ce shi ba danginsa ba ne. Alhaji ya ce masa wanda ke share ƙofar mutum kullum ya fi dangin nesa. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce zai ajiye a ɗakin shayin masu aikin sa kai. Accar kuwa, Alhaji ya ce kayan mamaci in ba a sami mai karɓa ba sadaka ake yi da su. Ranar Lahadi Rifkatu ta dafa ta da gyaɗa da ganye, muka kai cocinsu a unguwar Barking, mutanenmu na Filato da Kudancin Kaduna suka yi mata rubdugu, yaran da aka haifa a can suna tambaya da Turanci ko wannan wane irin kuskus ne. Na ajiye wa Alhaji nasa kwanon, maƙwabcin sama ma na kai masa.

A jirgin ƙasa da muke komawa daga gidan tarihin Rifkatu ta ce, “Baba, ba sai ka gaya wa Kaka duka ba. Ka ce ka kai, an karɓa. Kada ta ji ta yi regret.” Na ce mata ai ta san kakarta. Har na baro London wannan magana tana cina. Ina tsoron kada tsohuwa ta ji ta ce mun zubar da godiyar mijinta a inda bai dace ba, ko ta ce saƙonta bai isa hannun kowa ba, ta tafi da wannan baƙin ciki.

Na iso Kafanchan da yamma, yara suka yi ta tsalle a kan akwati. Mama tana zaune a kan kujerarta a tsakar gida. Ta bari na sha ruwa, ta tambayi lafiyar Rifkatu, ko tana cin abinci. Sannan ta kori yaran.

“Wa ya karɓa?”

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na faɗa mata komai, otal da gidan tarihi, durƙuson da na yi, shaidar Alhaji, inda zuma ta je da inda acca ta je. Na ce babu ɗa, babu kabari. Na kuma faɗa mata maganar kotu da dalilinta, ban rage ba. Ta murza bakin zanenta.

Ta ce, “Da ubanka yake tsakiyar ruwa, an tsaya tambayar halin wanda ya juya jirgin?”

Na ce a'a, Mama.

“To ni ma ban aike ka tambaya ba. Shekararsa nawa?”

Na faɗa mata. Ta ce, “Wayyo, yaro ne. Uwarsa tana da rai?”

“Tana da rai a lokacin.”

“An je an zauna mata?”

Na ce ban sani ba, su ba su cika yin zaman makoki irin namu ba, kuma an ce waɗanda suka raka shi ba su da yawa. Ta ce in je in huta.

Da gari ya waye na ji ana jan benci. Na fito na tarar an share ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi, an ɗora babbar tukunya a murhu, Mama ta ɗaura baƙin ɗankwalinta ta zauna a inda masu makoki ke zama. Ta riga ta aika wa matan zumunta na cocinmu. Kafin hantsi ya ɗaga sun fara isowa da littattafan waƙa, maƙwabtanmu Musulmi ma da suka ga tabarmi suka shigo suka durƙusa. Ta nuna mini gefenta, na zauna, aka riƙa miƙo mini hannu ana cewa sannu da rashi, ina amsawa. Raina ya yi fari fiye da duk kwanakin da na yi a London.

Can wata tsohuwar ƙawarta ta iso tana haki da sandarta, ta zube a tabarma ta ce, “Ni ban ji ba sai yanzu. Wa muka rasa?”

Mama ta ce, “Wani yaronmu ne a Ingila. Labarin ne bai iso da wuri ba.”